Jitar Iya da Na Musanya

A gidanmu, a wani ƙauye kusa da Tsiga, komai da lokacinsa. A yi magariba, a ci tuwo, a wanke hannu, sannan a hura wutar karan masara a ƙofar ɗakin Iya, kakarmu ta wajen uba. Wanda ya makara ya zauna inda hayaƙi ke bi.

Akwai wata tsohuwar jita rataye a bangon ɗakinta. Marigayi kakanmu ne ya samo ta wurin wani abokin aikinsa a injin gurzar auduga na Funtua. Fentinta ya goge, tsirkiya biyar suka rage cikin shida. Iya ba ta iya kiɗa ba. Takan kwantar da ita a cinya, ta goga babban yatsa sau ɗaya, ta ce, "To, ta shigo gida, kowa ya kama bakinsa." In an zo wurin waƙa sai ta riƙa kaɗawa, dum, dum, kamar saukar taɓarya a turmi, mu kuma muna amshi.

Tatsuniyar da ta fi maimaita mana ita ce ta makaɗin gayya. Garayarsa ta fashe ana gobe za a yi gayyar noma. Ya je wurin masassaƙi, aka ajiye masa biyu: sabuwa mai zane, da wata tsohuwa da gumin hannu ya baƙanta. Masassaƙi ya ce, "Juya baya in kaɗa maka su, kunnenka ya zaɓa." Makaɗi ya ce sauri yake yi, ya sungumi mai zane. Da safe manoma suka jeru a kan kunyoyi, kuma garma kiɗa take bi. Sabuwar garaya ba ta taɓa zuwa gona ba, ba ta san nauyin garma ba, sai ta ja hannun makaɗin da gudu. Na gaba ya galabaita, na baya ya sari dunduniyar ɗan'uwansa. Kafin hantsi an watse, ciyawa ta cinye gonar. A nan Iya takan dafa tsirkiyoyin da tafin hannu, sauti ya mutu, mu san an gama.

Na ji wannan labari sau da yawa. Ga abin da na yi da shi, a jere.

Na farko, shekarar da na fara aiki a Funtua, na yanke shawarar yi wa Iya alheri ba tare da na tambaye ta ba. Na biyu, na jira ta tafi suna Bakori, na sauko da jitar. Na uku, na kai ta shagon wani mai gyaran rediyo da ke sayar da kayan kiɗa, na nuna wata sabuwa ja mai ƙyalli, na ce musaya nake so.

Mutumin ya ƙwanƙwasa cikin tsohuwar, ya dube ni. "Malam, ka tabbata? Icen nan ya bushe, muryarta ta zauna. Tsaya in kaɗa maka su ka ji."

Na ce mota na jirana.

Da yamma aka hura wuta, na miƙa mata. Ta goga yatsa sau ɗaya. Ƙara ta tashi siririya, ta daɗe ba ta sauka ba. Ta yi dariya, ta ce, "Kai mijin nan nawa, wannan baƙuwar taka surutu gare ta. Ɗauko mini tawa."

Na yi mata bayani.

Dariyar ta tsaya. "Ka saurare ta kafin ka ɗauko?"



"Rataye ta," in ji ta. Ranar ta ba yara tatsuniya, amma da aka zo wurin waƙa sai ta tsallake. Bayan kwana biyu na koma shagon, na tarar wani direban babbar mota ya tafi da tsohuwar. Iya ta ƙara shekara huɗu a duniya, ba ta sake yi mana waƙa ba, ba ta kuma taɓa goranta mini ba.

Ina yaro na ɗauka makaɗin nan wawa ne. Yanzu na san mutum ne mai niyyar kirki wanda aka ce ya tsaya ya ji, bai tsaya ba.

Har yau in na ji labarin tsohuwar jita a Funtua ko Malumfashi, nakan je. In duba wuyanta ko ya lanƙwashe. In ƙwanƙwasa cikinta. In juya baya in sa a kaɗa mini. Ban sami mai saukar taɓarya ba tukuna. Ja ɗin tana nan a bangona, fentinta bai goge ba ko kaɗan, don babu hannun da ya so ta.