Abin da Ya Tsiro a Kututturen Ƙirya

Shekarar da Nasara suka zagaye dajin gabas da Filinge da fararen duwatsu, gonar Inna ta faɗa ciki. Aka ce daga ranar ba noma, ba sara, ba kiwo. Inna ba ta ji ba, ko ta ji ta ƙi, ta shiga da gatarin marigayi babana ta saro busasshen reshe. Gardin daji, mai gadin da Nasara suka sa, ya kama ta. Ɗan unguwarmu ne, ya sha furarta ba adadi kafin a ba shi jar hula. Ya ƙwace gatarin, ya ɗora mata reshen a kai, ya bi da ita tsakiyar kasuwa ranar da take ci, yana shela ga ɓarauniyar itacen gwamnati. Ina tsaye wajen masu gishiri ina kallo. Ban yi kuka ba.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Gardin ya sare manyan ƙiryoyin da ke bakin gonar, ya sayar wa maƙera gawayi, ya shuka hatsinsa a wurin, can ciki inda ba mai shiga. Wa zai kai ƙara? Tafintan bariki surukinsa ne, duk maganar da za ta kai kunnen kwamanda ta bakinsa take bi.

Wata damina na dawo hutu daga babbar lakwal, makarantar boko ta Yamai, na tarar da baƙon Bature a gidan kwamanda. Aikinsa wai binciken laimar kwaɗi a dajin da aka killace, ya san iri nawa ne, wacce ce ba a cika gani ba. Gari ya yi ta dariya. Zazzaɓi ya kwantar da tafinta, aka rasa mai Faransanci, aka aiko gidanmu. Inna ta ce kada in je. Na riga na ɗaura kallabi.

Mu uku muka fita da hantsi. Gardi a gaba yana share hanya da gatarin babana, na gane ƙotarsa tun daga nesa. Baturen a hankali yake komai, har raina ya soma ɓaci. Ya durƙusa gindin suri, ya tono laima da wuƙa har saiwa, ya shinshina, ya kife kanta a kan farar takarda don ya ga launin ƙurar da za ta zubar. Gardi kuwa sai zagaya mu yake a gefen daji, cikin sabara da geza.

"Ke ɗiyar lakwal," in ji shi, "hwaɗa mishi nan ta ƙare. Ciki babu komi sai macizai."

Na faɗa masa yadda aka ce. Baturen ya girgiza kai, ya nuna mini zanen wadda ya zo dominta: mai faɗi, ruwan ɗorawa, ba ta da ƙafa, manne take kamar kunne. Ya ce jikin kututturen babban itace take fitowa bayan an sare shi, don haka a dajin da aka hana sara bai sa rai sosai ba.

Na kira shi yadda ake kiran maigida da Faransanci, na ce, "Mushe, na san inda take."

Gardi ba ya jin Faransanci, amma ya ga inda na dosa.

"Ina za ki kai shi?"

"Gonar Inna, Baba gardi. In ka mance hanya, biyo ni."

Ya matso, ya rage murya. "Ɗiyata, ni da babanki tare anka yi muna kaciya."

"Shi ya sa ka riƙe mishi gatarinai?"

Hatsi ya kai ƙugu, kore shar. Ga kututture a jere, ga ramin gawayi. A jikin mafi girmansu kuwa ga ta nan, kamar faifai. Baturen ya ratsa hatsin bai ko dube shi ba, ya zube gabanta yana murna. Ya auna, ya zana, ya karɓi gatarin ya ɓamɓaro ta da ɓawon, ya yar da gatarin. Na ce a raina wannan mutum makaho ne, wahalar banza na yi. Sai ya shafa kan kututturen, ya ce yana bukatar sanin yaushe aka sare itacen, don ya san tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta fito.

Na juya. "Baba gardi, tambaya yake yaushe ka sare ta."

Gumi na bin gefen hularsa.

"Bara waccan ya sare, Mushe," na ce. "Da wannan gatari. Hatsin ma nasa ne."

Sai a lokacin Baturen ya miƙe ya dubi inda yake tsaye.

Maganar ta kai kunnen kwamanda ta bakin Baturen. A gaban bariki aka cire wa gardin hula da ɗamara. Hatsin aka yanke shi ɗanye, aka zuba wa dawakin kwamanda. Gonar ba a mayar mana ba, fararen duwatsu suna nan inda suke. Gatarin dai tun a daji na ɗauke shi daga ƙasa, ba wanda ya hana ni. Na saɓa shi a kafaɗa, na bi ta tsakiyar kasuwa duk da ba hanyar gidanmu ba ce.

Inna ta daɗe tana juya shi. "To hatsin hwa, mi ya yi miki?"

"A gonarki ya tsira ba da izninki ba."

Ta gwada bakin da babban yatsa. "Ya dakusar da shi," ta ce, ta tura shi maƙera.

Sauran hutun, duk inda na hangi gardin kai ba hula, ni nake fara gaishe shi, da ƙarfi, yadda masu gishiri za su ji: "Ina kwana, Baba gardi. Yaya daji?"