Tafin Kawu a Kan Yashi

Jiya aka yi yayyafi a unguwarmu ta Jarwal, ƙamshin jiƙaƙƙen dutse ya shigo ta taga, sai na tuna Kawu, ƙanen mahaifiyata. Duk inda za mu kafa tanti, sai ya fara dafa ƙasa da tafinsa, yana saurare.

Bayan yaƙin duniya ya samu tsohon babur na soja, ya goya ni muka nufi Tabuka. Kwana biyu da wuce Madina, la'asar ta riske mu a wani kwari mai laushin yashi. Na gaji tilis, na kafa tanti ban jira shi ba. Ko gajimare babu a sama.

Ya durƙusa ya dafa yashin, ya daɗe.

"Yalla, yi maza mu kai babur tudu."

"Kawu, tantin fa?"

"Bar shi! An yi ruwa a duwatsu, yana tafe."

Babur ya ƙi tashi. Muka kama turi, tayar baya tana nutsewa, rugugi na ƙaruwa a bayanmu kamar jerin motocin alhazai.

"Kada ka waiga, ɗana," ya ce, yana haki.

Muna taka dutse ruwan ya iso, jawur, ɗauke da itatuwa. Tanti da salkarmu suka bi shi.

Bai yi mini faɗa ba. Hannuna ya kama ya ɗora a ƙasa, na ji tana rawa.

Ya Allah, ƙasar da yake saurare ita ce shimfiɗarsa yanzu. Ka sanyaya masa ita, ka yalwata.