Zanen da Goggo ta rufa wa sarber

Idan aka tashe mu daga lakwal, wato makaranta, biro nake zuwa, ofishin ƙungiyar makiyaya, in jira Goggo, wadda ke buga masu takardu. A kusurwa akwai wani baƙin ordinater, wato kwamfuta, da suke kira sarber. Dosiyen kowane ma'aikaci, wato ma'ajiyar takardunsa, a cikinsa yake, intanet ma ta nan take bi.

Wata rana dosiyen Goggo ya ƙi buɗuwa, intanet ta ɗauke, ga shi ana jiran ta aika jerin dabbobin rigakafi Maradi kafin la'asar. Ta kira mai gyara a waya, yana ta sa ta danna nan, ta duba can.

Ni kuwa na lura sarber ya daina gurnaninsa. Ashe da safe Goggo ta lulluɓe shi da sabon zane saboda ƙura, kamar kwanon tuwon baƙo. Na ja gefen mayafinta, na nuna mata.

Da ta faɗa wa mai gyaran, har ni na jiyo dariyarsa.

"Hajiya, a zafin Dakoro? Ai shi ma iska yake sha."

Muka yaye zanen, muka yi masa fifita har ya huce. Tana kunnawa dosiyen ya dawo, jerin ya tafi kafin a kira salla.