Kwabbai Masu Rami na Alisabatu

Alisabatu tana tuyar ƙosai a bakin tashar Dogon Dutsi tun kafin Faransawa su sauke tutarsu. Mijinta birkila ne a mishan, ya rasu shekarar da aka samu 'yanci, ya bar mata kasko ɗaya da ɗaki mai yoyo. Tun daga nan kafin rana ta yi tsaka bayanta ya riƙe, hayaƙi kuma ya cinye mata ido.

Direbobin da ke ƙetarowa daga Najeriya sun gane ba ta gani sosai. Sukan cusa mata tsofaffin kwabban Ingilishi masu rami a tsakiya, waɗanda babu mai karɓa a kasuwar Dutsi. Da farko takan yi faɗa. Daga baya ta gaji, sai dai ta jefa su cikin gwangwanin madara.

Wata Lahadi bayan an taso coci, Norbert, ɗan ƙanenta da ke koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ya zazzage gwangwanin a tabarma.

"Gwaggo, ba duka ɗaya ba ne," in ji shi. "Dubi wanga, ƙasan ramin akwai ɗan harafi. Wanga kau babu. Akwai Nasaru masu neman irinsu."

Ba ta iya karatu ba, amma ta kai kwabon dab da idonta, ta ga harafin kamar tsani mai mataki guda. Ta ɗauki wani, ta ga nasa haruffa biyu ne manne da juna. Abin ya shiga ranta. In ciniki ya lafa sai ta zauna gindin bango tana jujjuya su, tana ware masu tsani gefe guda, masu tagwayen haruffa gefe guda. A kuɗin Faransa ma ta koyi gane tammar Togo cikin 'yan'uwanta masu hoton kan barewa. Har ta fara tambayar direbobi ko suna da wasu, suna yi mata dariya.

Bayan damina Norbert ya ce wani Mahamadu, mai saya wa Turawa tsofaffin kaya a Yamai, zai biyo ranar kasuwa. Alisabatu ta ji kunyar nuna wa baƙo abu baƙi ƙirin da maiƙo. Ta jiƙa tsamiya, ta haɗa toka da rairayi, ta wuni tana dirza har yatsunta suka tsage.

Ranar kasuwa Mahamadu ya zo, ya tsuguna, ya sa ɗan gilashi a ido, ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki wancan.

"Inna, mi kinka yi musu?"

"Wanke su na yi, ɗana."

"Ai dauɗar nan ita ce darajarsu. Kin kankare su. Wanga da kin bar shi yadda yake, da na tafi da shi Yamai."

Ya sayi ƙosai don kada ya tashi haka nan, ya hau mota.

Norbert ya yi ta ba ta haƙuri, yana cewa laifinsa ne da bai gaya mata ba. Ita dai ta ce ya miƙo mata mai ta shafa a hannu.

Ta ci gaba da tuya shekaru bayan haka, tana karɓar kwabbai, amma ba ta ƙara wanke ko ɗaya ba, ba ta kuma sake nuna wa mai saye ba. Da ganinta ya ƙare, maƙwabciyarta Kubra ta gaji wurinta a tasha. Alisabatu ta koma Dogon Kiriya wajen 'yarta a kan amalanke, da gwangwani uku ɗaure a zane.