Fitilar Tagar Herlinda

Ranar Talatar da ta wuce muka kai Herlinda Zepeda makwancinta. Yaran unguwar Analco sun san ta da tsohuwa mai sayar da tamal, wani dafaffen ƙullin masara, a bakin coci, wadda ba ta rowar gyara. Ni kuwa na san ta tun gashinta na baƙi ƙirin, kuma akwai maganar da na riƙe a cikina kusan shekara arba'in saboda ita. Yanzu da ta tafi, bari in sauke.

Sunana Nicanor, goge nake ja a ƙungiyar mariyachi, wato makaɗan haya, a dandalin da ke gefen babbar kasuwar Guadalajara. Ƙofar gidanmu tana kallon tasu. A gidan su biyu ne kawai, ita da mahaifinta Don Melitón, dogon tsoho mai yanar ido, wanda ba ya rabuwa da wata hular malafa da ya zo da ita daga gonakin audugar Texas tun ana goyonmu.

Kullum da faɗuwar rana Herlinda za ta fito cikin farar riga mai guga da farin takalmi, ta sumbaci goshin tsohon.

"Baba, na tafi asibiti."

"Allah ya tsare, 'yata. Ki yi hankali da ruwan zafi."

Abin da ta gaya masa ke nan, wai wanki take yi a asibiti da dare. Gaskiyar kuwa, a gidan rawa na Garza take aiki, tsallaken dandalinmu. Tana shiga ta bayan gida za ta ninke farar rigar, ta zura ja mai ƙyalli. Duk namijin da ya ja mace rawa ko ya saya mata abin sha, mai sayar da abin shan zai miƙa mata ficha, wata 'yar kwandala ta roba, da asuba a canza mata da kuɗi. Shayi mai sanyi ake zuba wa matan a kofi, a caji namiji kuɗin barasa. Akwai ɗakuna a saman bene, kuma ba zan yi wa mamaciya ƙarya ba, wasu lokutan ta hau, musamman watan da maganin idon tsohon ya ƙare. Matan layinmu sun daɗe suna ƙus-ƙus a kanta, ita kuma ba ta damu da su ba. Tsoronta ɗaya ne a duniya, kada mahaifinta ya sani.

Ido rufe take rawa. Ta taɓa gaya mini cewa da zarar an fara kiɗa, takan bar jikinta a hannun mutumin, ita ta yi gaba abinta. Ba ta taɓa ganin teku ba, amma duk baƙon da ya riƙe ta sai ta tambaye shi ƙamshin me garinsu ke yi da safe. Haka ta tara garuruwa a kanta, wani na ƙamshin kifi, wani na burodi, wani na hayaƙin jirgi, in ta rufe ido sai ta zaɓi guda ta sauka.

Babban mafarkinta dai bai wuce tagar ɗakinta ba. Ta sayi wata 'yar fitila mai koren gilashi, mai sarƙar da ake ja, ta ɗora a bakin tagar, ba ta taɓa kunna ta ba. Ta serenata ce, waƙar neman aure ta garinmu. Saurayi zai kwaso makaɗa kafin gari ya waye, su tsaya ƙarƙashin tagar budurwa su yi waƙa uku. In ta kunna fitila, ta karɓe shi a gaban unguwa, sai uban ya buɗe ƙofa. In taga ta zauna a duhu, ya tattara makaɗansa ya san inda dare ya yi masa. Ba a kai wa macen gidan rawa serenata, ita ma ta san haka, amma duk Asabar sai ta goge gilashin.

Mukan haɗu a motar farko ta asuba, ta riga ta mayar da farar rigarta.

"Canor, yau tagar wa kuka je?"

"'Yar mai kantin takalma."

"Ta kunna?"

"Sai a waƙa ta uku."

"Ja'ira, ta iya jan aji! Ni da ba zan kai ta biyu ba."

"Ke ai tun muna ɗaure tsirkiya za ki haske layi."

Sai ta kai mini duka da jaka, ta jingina kai da gilashin mota ta lumshe ido. Ina son ta. Na faɗa yanzu da babu wanda zai yi mini dariya.

A daminar 1986 aka kawo mana gasar ƙwallon duniya. Gari ya cika da tutoci da maza masu fentin fuska. Ƙwallon minti casa'in ce, sauran sa'o'in kuma sun san abin da ya kawo su. Wasu da 'yar takarda a aljihu suka sauka, an rubuta musu sunayen layuka tun daga ƙasarsu. Direbobin tasi suna da kasonsu a kan kowane kai, motoci na ta sauke mata daga Colima da Nayarit. Na ga magidanta da zoben aure a yatsa suna taya mace kamar masu cinikin akuya, da safe kuma su shiga babban coci su ɗauki hoto. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, duk da cewa ni ma na ci daga aljihunsu.

Cikinsu akwai Fergal, wani Bature ɗan Ayalan, ƙato mai jan kunne da koriyar riga. Ba mugu ba ne, wannan zan ba shi. Tun daren farko ya liƙe wa Herlinda, kwana goma bai ja wata rawa ba. Da ɗan guntun Turancin da na tsinta wajen baƙi na taɓa yi musu tafinta a ƙofar Garza. Ya ce garinsu da safe ƙamshin hayaƙi da jiƙaƙƙun tumaki yake yi. Ta yi kwana uku tana maganar tumakin nan.

Ranar da Brazil ta zura wa ƙasar su Fergal uku babu ko ɗaya, tafiyarsu ta tabbata. Wajen ƙarfe huɗu na asuba wani direban tasi ya zo dandali da Fergal, ya ce Bature na son serenata ta ban kwana. Su direbobi sun mayar da abin haja, suna sayar wa baƙi kamar yadda suke sayar da komai. Shugabanmu ya karɓi kuɗi, muka cusu a mota mu shida. Ban san inda za mu ba sai da muka karya kwana ta gaban gidan burodin layinmu. Ashe direban ya sha sauke Herlinda a nan in ta tashi aiki da wuri, kamar yadda ta yi a daren.

"Kai, dakata!" na ce. "Ba a nan ba. Akwai tsoho a gidan."

"An biya, Nicanor," in ji shugaba. "Ja gogenka."

An ɗauke ruwa ke nan. Layin yana sheƙi, hasken fitilar titi kwance cikin kwatami, ruwa na ɗiga daga indararo ɗaya bayan ɗaya. Mai begila ya ɗaga ta sama, sautin ya bi layin har ƙarshe ya dawo. Fergal ya tsaya tsakiyar hanya da kwalba a hannu da tuta a wuya, yana murmushi kamar yaron da aka kai kallon wasa. Labule ya fara motsi a gidaje. Kowa a layin ya san inda mace ke haɗuwa da irin wannan mutum.

Muka gama ta farko, taga duhu. Muka shiga ta biyu. Ban taɓa jan goge kamar na wannan asubar ba. Na manta da Bature, na manta da kuɗi, sai nake ji kamar ni na kwaso makaɗan, kamar layin ya tashi da mu yana lilo a hankali. Na san tana tsaye a bayan labulen. Ina roƙon Allah kada ta kunna, ina kuma roƙonsa ta kunna.

A tsakiyar ta uku koren haske ya cika tagar.

Daga baya ta gaya mini ba ita ba ce. Tana tsaye tana kuka, hannu a baki, sai ta ji hannun mahaifinta ya wuce ta kafaɗarta yana lalube, ya kama sarƙar ya ja. Ya ce, "A yi miki waƙa ki bar baƙi a duhu? Wa ya rene ki?"

Ƙofa ta buɗe. Don Melitón ya fito da kwat ɗinsa ta zuwa coci da malafarsa, ya ce saurayi ya shigo, ni ma in shigo tunda an ce ina jin yarensu. Herlinda ta kawo gahawa mai kirfa. Ta kalle ni sau ɗaya, na gane abin da take roƙo.

"Nicanor, tambaye shi, mene ne nufinsa da 'yata?"

Na tambaya. Fergal ya yi dariya, ya ce in gaya wa tsoho duk gidan Garza babu mai rawa kamarta, ko kwabo bai yi asara ba a kanta. Ya ce jirginsa da azahar ne, matarsa da 'ya'ya biyu na jiran sa, ya zo ne kawai ya ce na gode.

Na juya ga tsohon. "Ya ce a asibiti ya gan ta, Don Melitón, da ya kai abokinsa. Ya ce bai taɓa ganin mace mai natsuwa irinta ba. Zai koma gida ya shirya, in kun yarda ya dawo."

Tsohon ya daɗe yana juya kofinsa. "Sana'arsa fa?"

"Tumaki gare shi," na ce. "Da yawa."

"To, madalla. Gaya masa ban ba shi ba, ban kuma hana shi ba. Ya je ya shirya."

Tsohon ya raka Fergal har tsakiyar titi. Gari ya fara haske, mata sun fito da tsintsiya wai shara suke yi. Ya riƙe hannun Bature da hannu biyu, ya ɗaga murya yadda har gidan burodi za a ji: "Gidan Zepeda ba a gaggawa, ɗana! Mai son 'yata sai ya yi haƙuri." Fergal yana ta gyaɗa kai, bai san me ake cewa ba.

Daga ranar bakin matan layi ya mutu. Macen da aka kawo wa serenata, uba ya buɗe ƙofa, ya kuma ja wa Bature rai a bainar jama'a, me za a ce a kanta? Waɗanda ke ɗauke kai a da suka koma tambayarta ko an sami wasiƙa. Takan ce tukuna, hanya ce da nisa. A motar asuba ta kama hannuna ta ce, "Canor, ka ceci raina. Da ya ji, da kashe shi na yi." Ta ci gaba da fita da farar riga har shekara uku.

Da ciwon ajali ya kama Don Melitón, ya aike ta sayen magani, ya sa aka kira ni. Na zauna a bakin gado. Ya juyo da fararen idanunsa, ya yi mini magana da Turanci, tiryan-tiryan, wanda ya fi nawa nesa ba kusa ba. Ya maimaita abin da Fergal ya faɗa, har da mata da 'ya'ya biyu.

"Shekara tara na yi ina tsinkar auduga, yaro," ya koma yarenmu. "Da wane baki kake zato nake karɓar ladana? Tumaki! Da ƙyar na riƙe dariya."

"Ashe kun sani, Don Melitón."

"Idona ne ya mutu, hancina na nan. Wane asibiti ne ke warin taba da turare? Da kuɗin nan take ciyar da ni. In na nuna na sani, da wane ido za ta ƙara sumbatar goshina?" Ya yi tari, ya huta. "Duk Asabar ina jin ta tana goge fitilar nan. Na ce ko jaki ne ya tsaya a tagar, sai na kunna. Ka rantse ba za ka gaya mata ba."

Na rantse.

Ya laluba ya kama wuyan rigata, ya jawo ni kusa. "Kai kuma, shashasha. Goge a hannunka, ƙofarka na kallon tamu, shekara goma sha biyar. Sai da baƙo ya biya ka kafin ka tsaya a tagarta."

Bayan kwana biyu ya rasu. Herlinda ta bar Garza a watan, ta kafa tukunyar tamal a bakin coci. Har ta tsufa, in hira ta yi daɗi, takan ce abu ɗaya ta gode wa Allah a kai, Baba ya tafi bai sani ba. Ni kuma in ce haka ne. Sau nawa na ɗauki gogena da asuba na kai tsakiyar titi, sai in juyo, don ina tsoron tagar ta zauna a duhu.

Ranar Talata, bayan mutane sun watse, na tsallaka. Rana tsaka ce, yara na buga ƙwallo a layi, suka tsaya suna kallon tsoho. Fitilar na nan a inda take, gilashinta tas. Na ja waƙa uku, ban rage ko ɗaya ba, sannan na ɗan jira.