Ranar da Na Wanke Randar Kaka da Sabulu

Ko da zan manta hanyar gidanmu, ba na jin zan manta ranar da na yi wa randar kakata wankan amare. Ina da shekara goma sha uku lokacin, ba mu daɗe da barin Runka mun dawo cikin Batsari ba. Da za mu taso, Kaka ta bar gado, ta bar turmi, amma ta ce ita da randarta ba mai raba su, don ta mahaifiyarta ce. A bayan a-kori-kura ta rungume ta har muka iso. Ruwan randar nan sanyinsa har cikin haƙori, ga wani ƙamshi kamar na ƙasa in an yi ruwan farko.

Ni kuwa abin da idona ke gani shi ne gansakuka a gindinta. A makaranta an yi mana darasin tsafta, na dawo ina jin ni ce likitar unguwa. Wata Asabar Kaka ta tafi barkar haihuwa, sai na kwashe ruwan, na juye garin sabulun wanki kusan rabin leda, na hau dirza. Kumfa ta tashi har kajinmu suka yi ƙaura zuwa maƙwabta. Na ɗauraye sau uku, na cika ta, na zauna ina jiran yabo.

Baba ne ya fara dawowa daga kasuwa. Ya ɗebi moɗa guda ya kafa kai, sai ya tsaya cak. Ni dai na rantse da ya buɗe baki sai da kumfa ta fito, ko da yake har yau yana musu.

"Wa ya yi wanki a randa?" in ji shi.

"Ba wanki ba ne, Baba, tsafta ce."

Da Kaka ta dawo, ta ɗaga faifan da ke rufe randar, ta shinshina, ta mayar a hankali. Ba ta yi faɗa ba, kuma shirun nan ya fi mini bulala zafi. Baba ya ce, "Inna, ƙasa in ta sha sabulu ba ta sakinsa. A bar wa awaki ita, in kawo miki babbar roba."

"Ba ni kwana uku," ta ce. Sannan ta juyo gare ni. "Ke, ja'ira, tankaɗo mini toka."

Haka muka fara. Mu goge cikinta da toka da sabon soso, mu zuba ruwan tsamiya ya wuni, mu zubar, mu shanya ta a rana. Ina dirza ina gunaguni, na ce, "Kaka, toka ai datti ce, ya za a yi ta wanke abu?"

"Ruwan toka muna sa shi a miya, tsamiya muna sa ta a kunu. Sabulun naki a wane abinci ake sa shi, malama?"

Na ci gaba da dirza.

Ran na uku ta ce ni zan ɗanɗana, tunda ni ce mai ilimi. Na kurɓa, na so in yi ƙarya, amma fuskata ta riga ni magana. Sabulu na nan daram. Da yamma Baba ya shigo da roba shuɗiya, ya ajiye ta kusa da randar. Kaka ta zauna ta zuba wa randarta ido, ni kuma a karon farko wasa ya fita daga kaina. Na ce, "Baba, a ƙara mana kwana biyu, ni zan yi aikin." Ya dube ni, ya ce to.

Na yi jidar ruwa har sai da na ji wuyana ya shige cikin kafaɗa. A rana ta biyar Kaka ta kife randar a kan garwashi da ƙajiji mai ƙamshi, hayaƙi ya ratsa ta, muka cika ta da ruwa. Baba ya sha, ya tsaya, ya ƙara moɗa ta biyu. Robar ta koma wajen wanki.

Daga ranar na koyi cewa kafin in gyara wa mutum kayansa, sai in tambaye shi yadda yake gyara su. Kuma abin da za a ci ko a sha a cikinsa, in na ƙasa ne, ba na kusantarsa da abin da ba zan iya sa wa a bakina ba.