Awo Daga Bakin Rijiya

Duk zanen ginin da ake yi a kwamfuta yana da ɗigo ɗaya da ake ba lambar sifili, daga nan ake auna komai: bango, ƙofa, har ramin masai. Na gidanmu a bakin rijiya yake, a ƙauyenmu da ke bayan Randagi. Ba wata dabara ce ta sa ba. Lokacin da na zo hutu daga makarantar koyon zanen gini a Kaduna na ce zan zana wa Baba sabon gida, nan ya tsaya ya riƙe mini bakin tef ɗin awo, ni kuma ina zagaya tsakar gida ina rubuta lambobi, ina ji da kaina kamar wadda za ta gina gadar sama.

Ko bulo ɗaya ba a aza ba 'yan bindiga suka tashe mu. Muka dawo cikin Birnin Gwari, ɗakunan haya. Baba bai taɓa cewa mun tashi ba. Cewa yake mun ɗan matso kafin ƙura ta lafa, kuma kowa a gidan ya koyi faɗin haka, har Inna da ba ta iya ɓoye abin da ke ranta ba.

Da yayana ya samo fili a gefen gari, Baba ya yarda a yi ginin, amma da sharaɗi. Na taɓa yi masa bayanin ɗigon nan don burga, ashe ya riƙe.

"Ki bar awonki daga rijiya," ya ce. "Nan ai masauki ne."

Na bi maganarsa. Na jawo gidan a zane har inda sabon filin yake, na bar sifilin can cikin daji. Manhajar zanen kuwa ta ce ba ta san zancen ba. Ba a yi ta don nisa irin wannan ba. Layuka suka kama rawa, kusurwar bango ta ƙi haɗuwa, na danna nan gargaɗi, na danna can gargaɗi. Maganin bai fi danna biyu ba, a dawo da sifilin kusa da ginin.

Ranar kafa turakun awon harsashi muna filin tun hantsi, na ɗora kwamfutar a kan gangar ruwa. Birkila yana tsaye da igiya yana jiran in ba shi tsawon bangon gabas, ga ƙanen Baba, ga maƙwabta sun zo sa albarka. Zufa ta jiƙa mini hijabi. Na ce wa Baba sai fa na matsar da ɗigon.

"Ki lallaɓa ta mana, 'yar nan. Na ɗan lokaci ne."

Ni dama tun ina ƙarama bakina yana riga hankalina.

"Haba Baba, wane ɗan lokaci? Ba fa komawa za mu yi ba!"

Birkilan ya sunkuya yana gyaran turken da ba abin da ya same shi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da na shige. Baba bai ɗaga murya ba, bai ma kalle ni ba.

"To. Matsar."

Na matsar zuwa kusurwar filin. Nan take layukan suka miƙe tsaf, na karanta wa birkila awonsa.

Washegari Baba ya jawo wani ƙullin buhu daga ƙarƙashin gadonsa. Irin dawar gonarsa ne, wanda ya zaɓa zangarniya-zangarniya, ya riƙo shi a kan babur ranar da muka gudo, yana jiran shukar komawa. Ya miƙa wa Inna ya ce a kai inji.

Da rana aka tuƙa tuwon. Inna ta ajiye mini nawa kwanon. Na gutsuri loma ɗaya, na mayar da ita, na rufe kwanon.